Abinci marar gulutin a wuraren wasanni irin su Disney: tambayoyi da amsoshi

Tun da aka gano 'yata tana da cutar siliyak, wadda ke hana ta cin alkama da danginta, kusan duk hutu sai wani cikin dangi ko ƙawaye ya kira ni, "Anti za mu kai yara Orlando", "Yaya za mu je Dubai kuma likita ya hana ƙaramin cin alkama, ya za mu yi da abinci?" Na gaji da maimaita magana ɗaya a saƙon murya, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi min wuri guda. Uwa ce ke magana, wadda ta sha tsayuwa a layi cikin rana da yarinya mai kukan yunwa, to in wani wuri kun ga na zafafa ku yi haƙuri.

Wai ma tukuna, mene ne gulutin ɗin nan?

Wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turawa da suke kira rye. Duk wadda ta taɓa kwaɓa fanke ta san shi ko da ba ta san sunansa ba, shi ne danƙon nan da ke sa ƙullu ya riƙa jan hannu yana miƙewa. Shinkafa, masara, gero, dawa, acca, rogo, doya, dankali, wake, ƙwai, nama, kifi, duk babu shi a asalinsu. Kenan tuwon shinkafa da miyar kuka lafiya lau, amma burodi, taliya, semovita, kuskus, cincin, alkaki, duk sun fita. A gida abin da sauƙi. A wurin wasa kuwa kusan duk abin da ke ƙamshi fulawa ce, boga, fiza, kazar da aka tsoma a gari aka soya, kek, biskit.

Siliyak da alajin alkama ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma ya kamata ku san wanne ne naku kafin ku buɗe baki a gaban mai abinci. Mai siliyak in ya ci gulutin garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta afka wa ƙaramin hanjinsa, ta lalata 'yan ƙananan gashin da ke tsotse amfanin abinci, shi ya sa za ka ga yaro yana ci amma ba ya girma, ga ƙarancin jini, ga kumburin ciki da gudawa. Ba a nan take yake nunawa ba, sai bayan awanni, wani ma ba ya jin komai alhali ɓarnar na faruwa a ciki. Alajin alkama kuma shi na gaggawa ne, ƙaiƙayi, kumburin leɓe, numfashi ya sarƙe cikin mintuna, mai shi dole ya riƙa yawo da allurarsa ta adirinalin. Sai na uku, waɗanda gulutin ke ɓata wa ciki amma gwaji bai nuna siliyak ba.

Kuma dan Allah a daina cewa cutar Turawa ce. Ƙiyasi shi ne kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a nahiyarmu ne, a tsakanin yaran Sahrawi na Yammacin Sahara, wajen kashi 5.6 cikin ɗari a binciken da aka buga a 1999. Mu dai gwajin ne ba mu cika yi ba.

Ɗan ɓurɓushi kawai ma zai yi illa? Ba ƙari kike yi ba?

Wallahi da ƙari ne da na fi kowa murna. Ƙa'idar da Amurka da Tarayyar Turai suke bi ita ce, kafin a rubuta wa abinci cewa babu gulutin, kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya. Wani bincike da aka yi a Italiya aka buga a 2007 ya nuna miligiram 50 kacal a kullum, na tsawon wata uku, ya isa ya taɓa hanjin mai siliyak. Yankan burodi ɗaya na ɗauke da ninkin-ba-ninkin wannan. Kenan maganar "cire burodin ki ba ta naman" ba ta taso ba, naman ya riga ya kwanta a kan burodin. Wuta kuma ba ta kashe shi, ba ƙwayar cuta ba ce da za a ce tafasa ko suya ta gama da ita.

To akwai ma abin da za a ci a irin wuraren nan?

Akwai, wani wurin ma har sai kun rasa na zaɓa. Walt Disney World da ke Orlando a jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1971, shi ne masu siliyak suka fi yabo, kuma a ganina yabon ya dace. Filaye huɗu ne, Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, kuma yawancin gidajen abincinsu, na zama da na tsaye, suna da jerin abinci daban na masu alaji, da ɓangaren gulutin da alkama a ciki. Za a samu burodin boga marar gulutin, taliya, soyayyar kaza, har wainar nan ta safe mai siffar kan ɓeran katun ɗin Disney, wato Mickey Mouse, da yara ke hauka a kai.

Amma ku lura da kalmar da suke amfani da ita, allergy-friendly suke rubutawa, ba su ce babu gulutin ɗari bisa ɗari ba. Su da kansu sun faɗa a rubuce cewa ba su da kicin daban na masu alaji kuma ba za su iya ba da tabbacin abinci bai taɓa wani abu ba. Wasu na jin haushin wannan, ni kuwa na fi yarda da wanda ya faɗa min gaskiyar kicin ɗinsa a kan wanda ya ce min "ba matsala" kafin ma in gama tambaya. Wuraren wasan kamfanin Universal da ke Orlando, masu Islands of Adventure da sabon Epic Universe da aka buɗe a watan Mayun 2025, su ma suna da zaɓi mai kyau, musamman a gidajen abinci na zama.

Me ya kamata mu yi tun muna gida?

Ku zaɓi inda za ku ci kafin ku zaɓi lilon da za ku hau, da gaske nake. Ku sauke manhajar wurin a waya, ku duba jerin abincin kowane gida, ku ware biyu ko uku a kowane fili don in ɗaya ya cika ko ya rufe kada ku tsaya cirko-cirko. A Disney World ana fara kama tebur kwana 60 kafin ranar, kuma wajen kamawar akwai inda ake saka alajin. In abin ya haɗu da yawa, misali gulutin da madara da ƙwai da gyaɗa, suna da sashen da ake tura wa imel, ku rubuta musu kamar sati biyu kafin tafiya. Sai takardar likita, a sa ta cikin jaka tare da fasfo, ba kullum ake tambaya ba amma ranar da aka tambaya a bakin ƙofa za ku gode min. Na ƙarshe, ɗan kati da aka rubuta bayanin cutar da harshen ƙasar da za ku, a yi kwafi uku ko huɗu don wani kukun in ya shiga da shi kicin ba ya dawowa da shi.

In mun isa gaban mai karɓar oda me za mu ce?

Nan ne fa gizo ke saƙar, kuma matsalar ba Turanci ba ce, kunya ce. An raine mu da kawaici, kada ka takura wa mutane, kada ka cika tambaya a kan abinci kamar mai raina abin da aka ba shi, ga layi a bayanka mutum talatin suna kallon ƙeyarka. Sai ka ji bakinka ya ce "shi ke nan, kawo kawai". Wannan "kawo kawai" ɗin shi ne ya kwantar min da yarinya, zan zo kan labarin.

Da farko ku ambaci sunan cutar, celiac disease, ku ce lalura ce ba ra'ayi ba, domin akwai mutane da yawa da ke guje wa gulutin don rage ƙiba ko yayi, su in ɓurɓushi ya faɗa ba abin da zai same su, kuma ma'aikata sun saba da irinsu. A Amurka kalmar allergy ta fi saurin tayar da kicin tsaye, to ko da siliyak ba alaji ba ce a likitance, ku ce a ɗauke ta a matsayin alaji. Sannan ku nemi a kira kuku ko manaja ko wanda aka horar kan abincin masu lalura. Ba rashin kunya ba ne, tsarinsu ne, aikinsa kenan.

In ya fito, tambayoyin ba su da yawa. Man da ake soya wannan, ana soya wani abu mai fulawa a ciki? A kan ƙarfen da ake gasa burodi ake gasa naman? Ruwan dafa taliyar daban ne? Za a canja safar hannu da wuƙa da katakon yanka? Miyar da aka zuba, da me aka ɗaure ta? Ta ƙarshen nan mutane na mantawa, alhali Turawa da fulawa suke kaurara yawancin miyarsu, kuma soya sos ɗin abincin Sin da Japan da alkama ake yinsa.

Ba na manta wani kuku a Orlando, dattijo mai furfura a gemu, ya fito da ɗan littafi a aljihun rigarsa, bai ma kalle ni ba ya durƙusa daidai tsayin yarinyar ya tambaye ta me take sha'awar ci. Ta ce soyayyar kaza, a hankali kamar mai roƙon abin da ta san ba za a ba ta ba. Ya rubuta, ya ce minti ashirin. Shi da kansa ya kawo, a tire daban, da ɗan tsinke mai tuta a soke a jikin kazar. Wannan tsinken ku riƙa dubawa. In faranti ya iso babu wata alama, ko an haɗo shi a tire ɗaya da na sauran, kada a taɓa, a sake tambaya. Ni ko da alamar sai na ce "wannan ne na mai alajin?" kafin ta kai hannu, maigida har ya daina jin nauyin abin.

Soyayyen dankali ai dankali ne da mai da gishiri, shi ma sai an tambaya?

Shi ne ma ya fi kowa cin amana. Dankalin ba shi da laifi, man ne. In tukunyar suya ɗaya ce da ta kaza mai gari da zoben albasa da kifi mai ƙullu, duk ɓurɓushin yana yawo a man yana manne wa dankalin. Wasu dankalin ma tun daga kamfani ake shafa musu gari don su yi ƙarau.

Ga labarin. Wani wurin wasa ne, ba zan faɗi suna ba, wajen ƙarfe uku na rana, zafi kamar a gasa gurasa, mun yi awa ɗaya da rabi a layin lilo, abincin jaka ya ƙare tun sha biyu. Muka tsaya wata 'yar rumfa, na tambayi yaron da ke wurin ko dankalin na da gulutin, ya ce babu. Na san tambaya ta biyu, tana bakina, amma ga layi ga gajiya ga yarinya na jan mayafina, sai na haɗiye ta. Sai da ta ci rabi na hango ana juye kaza daga cikin kwandon man nan dai. Yaron bai yi min ƙarya ba, abin da na tambaya ya amsa. Daren nan a banɗakin otal muka kwana, washegari tikitin da muka biya kuɗi mai yawa ya tafi a banza, ita kuma ta yi kusan sati ba ta dawo daidai ba.

Zan iya yin oda ta manhaja in huce da layi?

Za ku iya, a manhajar Disney akwai ɓangaren masu alaji a gidajen abinci na tsaye, kuma dole daga nan ɓangaren za a zaɓa, ba a zaɓi boga na kowa da kowa a ce a cire burodi ba. Yakan ɗan fi jimawa kafin ya fito saboda daban ake haɗa shi, kada ku ga na wasu na fitowa ku tayar da hankali, jinkirin ma alama ce mai kyau. Ni dai gidan da ban taɓa ci ba sai na je da ƙafata na yi magana da mutum, waya ba ta amsa tambayar mai. In na riga na san gidan, to manhaja.

Wurin ɗebi-da-kanka fa?

Ban cika so ba. Cokali ɗaya ya shiga taliya ya koma shinkafa, yaro ya ɗauki burodi ya ratsa da shi ta saman salak, ba mai iya tsare wannan. In dole sai can, misali yara sun nace sai wurin da 'yan wasa masu kayan dodo ke zagayawa tebur-tebur, to a kira kuku ya zagaya da ku ya nuna abin da ya halatta, sannan ku roƙe shi ya zubo muku daga kicin, daga wanda ba a fito da shi ba. Yawanci ba sa ƙi.

An rubuta fiza da taliya marar gulutin, in yarda?

Da taka-tsantsan. Masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York sun tattara gwaji sama da 5,600 da mutane suka yi da wata 'yar na'urar hannu a gidajen abinci a faɗin Amurka, aka buga a 2019. Kusan kashi 32 cikin ɗari na abincin da aka ce babu gulutin an same shi a ciki, kuma fiza da taliya sun haura rabi. Na dare ya fi na safe matsala. Gaskiya na'urar tana iya kama abin da bai kai ƙa'idar miligiram 20 ɗin ba, kuma ba a kan wuraren wasa aka yi binciken ba, amma darasin a fili yake, inda gari ke tashi a iska kuma tanda ɗaya ce, haɗarin ya fi yawa. Ku tambaya ko a faranti daban ake gasa fizar, ko a naɗe take shiga tanda, da wace wuƙa ake yanka ta. In amsar ta zo da inda-inda, shinkafa da gasasshen kifi ba su taɓa ba ni kunya ba.

Kayan kwalama na kan hanya, wanne ne lafiya?

Masu 'yan kekunan nan sukan riƙe takarda ko faifan da ke ɗauke da jerin abin da aka haɗa kowane abu da shi, ku ce a nuna muku, don kamfanin da ke kawo kaya na iya canjawa daga bara zuwa bana. Gugguru galibi lafiya, haka 'ya'yan itace da aka rufe a roba, haka Dole Whip, askirim ɗin abarba da Disney ta yi suna da shi, in dai a kofi ne ba a ɗora masa kek ko biskit ba. Askirim na ɗiba kuwa cokalin ne abin tsoro, ya shiga mai biskit ya dawo mai banila, ga ɓurɓushin mazubin nan mai tsini da ake ci yana zuba a ciki, to gara wanda ke cikin ledarsa daga kamfani a karanta bayansa. Churros, soyayyen ƙullun nan dogo mai sukari da kirfa, alkama ce zalla, sai dai Nomad Lounge da ke Animal Kingdom sun shahara da nasu marar gulutin, ranar da 'yata ta fara ci sai da muka ƙara faranti. Butterbeer na Universal kuma sunan ne kawai mai firgitarwa, babu giya a ciki, kuma ana lissafa shi cikin abin sha marar gulutin, duk da haka a tambaya a wurin.

Za a bar mu mu shiga da abincinmu?

Disney World sun yarda kowa ya shiga da abinci, sharaɗin shi ne babu kwalba, babu giya, babu abin da sai an ɗumama, babu ƙanƙara a warwatse sai dai irin wadda ke cikin leda a rufe, kuma kular kada ta wuce inci 24 a tsawo, 15 a faɗi, 18 a tsayi. Universal sun fi tsanani, ba a shiga da cikakken abincin rana haka kawai, amma sun ware abincin mai lalura, nan takardar likita ke amfani. Sauran wurare kowa da dokarsa, ku rubuta musu tun kafin tafiya ku ajiye amsar a waya don nuna wa mai gadi.

Jakata ba ta rabuwa da dafaffen ƙwai, dabino, gyaɗa, ayaba, da ɗan dambun shinkafa in muna da kicin a masauki. Ko da kun yi niyyar ci a ciki ku riƙe wani abu, yunwa ce ke sa mutum ya yanke hukuncin banza. Amma masu tasowa daga gida, kada ku ce za ku ɗauro kilishi ko dambun nama a akwati, Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da madara a kayan matafiyi daga ƙasashen waje, Amurka ma tana da tsauri a kan nama, kuma rashin bayyanawa na jawo tara. Ku saya a can, manyan kantuna duk suna da layin kayan da babu gulutin.

Dokar rubutu a jikin kaya ɗaya ce a ko'ina?

Ba ɗaya ba ce, kuma akwai rami a nan. A Amurka doka ta tilasta bayyana abubuwa 9 masu jawo alaji, alkama na ciki, riɗi ne na baya-bayan nan da aka ƙara a 2023, amma sha'ir da rye ba sa ciki. Kenan abu zai iya zama babu alkama amma akwai malt, wanda daga sha'ir ake samunsa, kamar a yawancin kwanfilas da wasu cakulan da lemun malt. Ku nemi kalmar gluten-free kanta, kada ku tsaya a "babu alkama". A Tarayyar Turai da Birtaniya abubuwa 14 ne, kuma duk hatsi mai gulutin na ciki, alkama da sha'ir da rye da oats, sannan tun Disambar 2014 gidajen abinci ma dole su iya gaya muku abin da ke cikin girkinsu. Saboda haka a Disneyland Paris, ko PortAventura da ke kusa da Tarragona a Sifen, ko Gardaland a Italiya, kuna da haƙƙin neman wannan bayanin. A Faransa sans gluten ake cewa, a Sifen sin gluten, a Italiya senza glutine, a Jamus glutenfrei. Akwai kuma tambarin zangarniyar alkama da aka soke da layi, in kun gan shi a jikin kaya to an tantance. Sifen da Italiya sun waye da cutar sosai, ƙungiyoyin masu siliyak ɗinsu na da ƙarfi. Amma jerin abin da ke cikin girki daban, yadda aka girka shi daban, tambayar mai da ta wuƙa tana nan daram ko a wace ƙasa.

Mu Dubai da Abu Dhabi muka fi zuwa, ya can yake?

Can ma wuraren sun yi yawa, IMG Worlds of Adventure da Motiongate da Legoland a Dubai, duk 2016 aka buɗe su, sai tsibirin Yas a Abu Dhabi mai Ferrari World da Warner Bros. World da SeaWorld. Daɗin can ba ka cika fargabar naman alade ba, kuma Turanci na aiki. Wahalar ita ce abincin Larabawa ya iya ɓoye alkama. Shinkafarsu sau da yawa da 'yar siririyar taliya ake soya ta, ku duba da kyau za ku ga jajayen zare a ciki. Gasasshen nama kan zo kwance a kan gurasa don ta tsotse romon. Tabbula da kibbe da burgul ake yi, alkama ce. Harisa alkama ce, luƙaimat ƙanwar fanke ce, kunafa ma haka, falafel wani na sa masa gari kuma a mai ɗaya ake soya shi da sambusa. Hummus a asalinsa lafiya, in ba a riga an tsoma masa gurasa ba. Ku ce a kawo nama ba gurasa a ƙasa ko a sama, da farar shinkafa zalla.

Ga gulutin ga maganar halal, ba abin ya yi yawa ba?

Ya yi, a Amurka da Turai tambaya biyu ce kuma a rarrabe za a yi su, in ka haɗa sai mai oda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya. Abinci na iya zama babu gulutin amma da giya aka haɗa miyar, ko an barbaɗa naman alade a kan salak ko dankali. Ƙafar talo-talon nan ƙatuwa da ake yawo da ita a hannu, galibi babu gulutin, amma yankan wa? Hanya mafi sauƙi ita ce kifi, ƙwai, kayan lambu, wake, shinkafa da dankali. Abu ɗaya, naman ƙarya na masu cin ganye zalla wani da gulutin tsantsa ake yinsa, seitan sunansa, kada a gudu daga alade a faɗa can.

Akwai ƙwayar da za a sha kafin a ci don ta kare?

Babu. Ana sayar da wasu da sunan suna narkar da gulutin, ba a amince da ko ɗaya a matsayin kariya ga mai siliyak ba, maganin har yau shi ne ƙaurace masa. Wanda kuma yake zargi ne kawai ba a gwada shi ba, kada ya daina cin alkama kafin ya ga likita, don gwajin jinin na iya fitowa lafiya lau in an riga an daina.

In tsautsayi ya faɗa an ci fa?

In alajin alkama ne kuma aka ga kumburin fuska ko numfashi na wahala, allura nan take sannan a kira agaji, 911 a Amurka, 112 a Turai, 998 motar asibiti a Daular Larabawa, a kuma tare ma'aikaci mafi kusa, suna da hanyar kiran nasu cikin sauri. In siliyak ce, ba abin da zai fitar da shi, sai ruwa da hutu. Manyan wuraren nan suna da ɗakin agajin farko, na Disney akwai nas da gado da sanyi. A zafin Fulorida ko Dubai gudawa da amai na saurin ƙarar da ruwan jikin yaro, to a riƙe 'yan fakitin gishiri da sukari a jaka, in amai ya ƙi tsayawa ko fitsari ya ɗauke ko yaro ya yi laushi, asibiti kai tsaye. Ku kuma sanar da manajan gidan abincin, ba don faɗa ba, don su binciko inda aka samu kuskuren.

Kakarta ta ce ɗan loma ɗaya a ranar hutu ba zai kashe ta ba, me zan ce mata?

Hajiya ba mugunta take nufi ba, tausayi ne, ba ta son ganin jikarta na kallon bakin 'yan uwa. Kada ki yi musu da ita a gaban yara. Tun a masauki ki zaunar da ita ki ce "Hajiya, likita ya ce ko ɗan ɓurɓushi gyambo yake yi mata a hanji ko da ba ta yi kuka ba", kalmar gyambo tana shiga kunnen manya fiye da gulutin. Sannan ki ba ta aiki, ki damƙa mata jakar kwalamar yarinyar ta zama ita ce mai rabawa. Tawa surukar yanzu ita ke fara tare mai kawo abinci tana nuna tsinken da yatsa, ba ta jin Turanci amma tutar nan ba ta wuce ta.

Wane lokaci ya fi dacewa a ci, kuma ya fi tsada ne?

Ku ci kafin cunkoso, abincin rana wajen sha ɗaya ko sha ɗaya da rabi, na dare wajen biyar. Daga sha biyu zuwa biyu kicin ya rikice, kuku ba shi da sukunin tsayawa ya saurare ku, kuma lokacin ne hannu ke kuskure. Ku ƙara kamar minti ashirin a lissafinku na kowane cin abinci, kada ku kama layin lilo na gaggawa dab da shi. Kuɗi kuwa, a Disney World galibi farashin na mai alaji daidai yake da na kowa, wasu wuraren na ƙara ɗan wani abu a kan burodin ko fizar, to a tambaya kafin a biya. Ruwan sanyi a kofi kyauta ne a gidajen abincinsu na tsaye, sai dai in ba ku nema ba.